Yadda ake tabbatar da asalin kakan da ya yi ƙaura daga Ingila zuwa Amurka

Tambaya: Ina zaune a Amurka, matata Ba'amurkiya ce, kuma Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Na rubuta musu salsalar gidanmu yadda na ji daga bakin mahaifina da baffannina, yanzu kuma ina so in rubuta ta ɓangaren mahaifiyarsu. Danginta suna cewa kakansu na farko ya taso daga Ingila bayan shekarar 1630, ya sauka a Massachusetts. Na ga wani jerin salsala a intanet da ya haɗa shi da wani gidan sarauta a Ingila, har da tambarin gidan. Ta yaya zan san gaskiyar wannan, kuma daga ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, domin 'ya'ya suna da haƙƙin sanin dangin uwa kamar yadda suke da haƙƙin sanin dangin uba. Abin da zan fara faɗa maka, kuma shi zan yi ta komawa kansa, shi ne cewa igiyar irin wannan salsala a bakin teku ta fi tsinkewa. Ba wuya a gano mutum a takardun Massachusetts, ba wuya kuma a gano mai irin sunansa a rajistar wani coci a Ingila. Wuyar aikin tana wurin tabbatar da cewa wannan na Amurka shi ne wancan na Ingila, kuma a daidai nan mafi yawan salsalolin da ke yawo a intanet suke yin tsalle ba tare da hujja ba. Kai da ka san yadda malaman hadisi ke bin isnadi, suna tambaya ko wannan mai ruwaya ya haɗu da wancan da gaske, ka riga ka san hanyar. Kowane uba da ɗa a cikin jerin mahaɗa ce guda, kuma kowace mahaɗa tana buƙatar takardar da ta shaide ta.

Zan yi maka bayanin ta hanyar gidan da aka fi bincikawa a cikin irin waɗannan gidaje, wato gidan Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, saboda kakansa na farko ya yi irin tafiyar da dangin matarka ke ba da labari, a irin lokacin, zuwa wannan yanki.

Shi kansa Lincoln bai san asalinsa ba. A ɗan taƙaitaccen tarihinsa da ya rubuta a watan Disamba na 1859, ya ce kakansa, wanda shi ma Abraham ne, ya tashi daga gundumar Rockingham ta Virginia zuwa Kentucky, inda aka kashe shi, kuma magabatansa daga gundumar Berks ta Pennsylvania suka fito. Iyakar saninsa ke nan. Ya kuma ce an yi ƙoƙarin haɗa gidansu da masu sunan Lincoln na Sabuwar Ingila, wato yankin arewa maso gabashin Amurka da Massachusetts ke ciki, amma ba a samu abin kamawa ba sai kamannin sunaye irin su Enoch da Levi da Mordecai da Solomon da Abraham a gidajen biyu. Ina girmama wannan magana tasa ƙwarai, domin mutum ne mai neman shugabancin ƙasa, wanda asali mai tsawo zai yi wa amfani, amma ya ƙi ɗaukar kamannin suna a matsayin hujja. Bayan rasuwarsa aka tabbatar da cewa gidajen biyu ɗaya ne, kuma takardu ne suka tabbatar da hakan. Ka lura da wani abu game da labarin baka a nan: wuraren da ya ambata daidai ne, amma shekarar da aka kashe kakan nasa ta zame masa, domin takardu sun nuna 1786 ce, shi kuwa ya ɗauka ta riga haka da 'yan shekaru. Haka labarin tsofaffi yake a ko'ina, yana riƙe suna da gari da abin da ya faru, yana sakin shekara. Saboda haka ka saurari surukanka da kyau, ka rubuta duk abin da suka faɗa, amma ka ɗauke shi a matsayin jagora zuwa ga takarda.

Kada ka fara daga Ingila. Ka fara daga matarka, ka koma baya mataki-mataki: takardar haihuwarta, ta auren iyayenta, ta mutuwar kakanninta, sannan ƙidayar jama'a. Amurka tana ƙidaya duk shekara 10 tun daga 1790, amma sai a ta 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa mai 'yanci da ke cikin gida, kafin nan sunan maigida kawai ake sa wa tare da adadin mutanensa. Mafi yawan takardun ƙidayar 1890 sun salwanta sakamakon gobarar 1921, ta baya-bayan nan da aka buɗe wa jama'a kuwa ita ce ta 1950. Idan ka wuce 1850 zuwa baya, abin dogaronka shi ne takardun cinikin gonaki, da wasiyyoyi, da takardun rabon gado, da littattafan garuruwa, kuma ka yi sa'a domin garuruwan Massachusetts sun fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa tun a ƙarni na 17.

Da irin waɗannan takardu aka bi gidan Lincoln. Mahaifin shugaban shi ne Thomas, wanda aka haifa a 1778. Mahaifin Thomas shi ne Abraham da aka kashe a Kentucky, an haife shi a 1744. Shi kuma ɗan John ne, wanda aka haifa a 1716, ya ƙaura zuwa Virginia a 1768. John ɗan Mordecai ne, wanda ya bar Massachusetts ya zauna a New Jersey, daga baya ya koma Pennsylvania ya rasu a can a 1736. Mahaifinsa shi ma Mordecai ne, maƙeri, haifaffen 1657, ɗan Samuel Lincoln na garin Hingham a Massachusetts. Kakanni 6 ke nan kafin a zo kan shugaban, kuma kusan kowane ɗaya ya mutu a wani wuri dabam da inda aka haife shi. Wannan yawan ƙaura shi ya sa Lincoln bai san Samuel ba, kuma shi zai fi ba ka wahala a gidan matarka, domin duk inda mutum ya tashi daga wata gunduma zuwa wata, sai ka sami takardar da ta nuna cewa mutum ɗaya ne. Mafi kyawunta ita ce takardar sayar da gona, inda ake rubuta wane ɗan wane, mazaunin gari kaza a yanzu, ya sayar da rabonsa na gadon mahaifinsa da ke gari kaza.

Sai matsalar takwara, wadda ban taɓa ganin binciken da ya tsira daga gare ta ba. Turawan Ingila na wancan zamani suna juya sunaye kaɗan ne, John da Thomas da William da Richard, Mary da Elizabeth da Anne, ga shi kuma sunan gida ɗaya ne ake gada daga uba zuwa ɗa, ba kamar mu da mutum ke ɗaukar sunan mahaifinsa na yanka ba. A ƙaramin garin Hingham na Massachusetts kaɗai, a shekarun farko na kafa shi, akwai magidanta 4 masu suna Thomas Lincoln. Mutanen garin da kansu sai da suka riƙa bambanta su da sana'a: Thomas masaƙi, Thomas mai injin niƙa, Thomas mai haɗa ganguna, da Thomas manomi. Masaƙin ne ɗan'uwan Samuel. Wanda ya zo bayan shekara 300 ya ga sunan Thomas Lincoln a takarda ya ɗauka nasa ne, zai iya jingina kansa ga gidan da ba nasa ba, kuma duk abin da ya gina a kai ya rushe. Haka nan idan ka ga an rubuta wane babba da wane ƙarami a takardun lokacin, ba lallai uba da ɗa ake nufi ba, sau da yawa takwarori biyu ne a gari ɗaya, ɗaya ya girmi ɗaya. Mata kuma sun fi wuyar bi, saboda mace tana ajiye sunan gidansu ranar aure ta ɗauki na miji, don haka sai ka ga takarda ta ce matarsa Martha, ba ta ƙara komai ba.

Yanzu mu zo bakin teku. Tsakanin 1620 da 1640 kimanin mutum 20,000 suka bar Ingila zuwa Sabuwar Ingila, mafi yawansu a shekaru 10 na ƙarshe. Mutane suna zaton akwai cikakken jerin fasinjojin kowane jirgi, alhali babu. Amurka ba ta wajabta ajiye jerin masu shigowa ta ruwa ba sai daga 1820, jerin masu fita daga Birtaniya da ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kew, kusa da Landan, kuwa daga 1890 ya fara zuwa 1960. Abin da ya rage daga shekarun 1630 guntaye ne, waɗanda aka rubuta saboda gwamnatin Sarki Charles na Ɗaya tana son sanin masu fita da kuma rantsar da su a kan biyayya. Mafi girmansu shi ne na tashar Landan na 1635, sai wasu 'yan kaɗan daga wasu tashoshi.

Samuel Lincoln yana cikin waɗanda suka yi sa'a. A ranar 8 ga Afrilu 1637, jami'in da ke tantance masu son ƙetare teku daga yankin Norfolk na gabashin Ingila ya rubuta wani masaƙi ɗan birnin Norwich mai suna Francis Lawes, da matarsa, da 'yarsu Mary, da barorinsa biyu, Anne Smith mai shekara 19 da wani yaro mai shekara 18 wanda ya rubuta sunansa Samuell Lincorne. Ka dubi wannan layi da kyau, domin darussa uku ne a cikinsa. Yaron bai zo da sunan kansa ba, a ƙarƙashin maigidan da yake koyon saƙa a hannunsa ya shiga, saboda haka wanda ke neman magidanci mai suna Lincoln ba zai gan shi ba. An rubuta sunan yadda kunnen magatakarda ya ji, kuma injin bincike na kwamfuta zai iya tsallake shi. Sannan takardar ba ta faɗi garin da aka haife shi ko sunan mahaifinsa ba, ta nuna Norwich ne kawai, inda maigidansa yake.

Abin da ya ɗaure igiyar daga wani wuri ya fito. Daniel Cushing, wanda ya yi magatakardan garin Hingham na Massachusetts, ya bar jerin mutanen da suka zo daga tsohuwar Hingham ta Norfolk da kewayenta, kuma a ƙarƙashin 1637 ya rubuta cewa Samuel Lincoln ya zo daga tsohuwar Hingham, ya ɗan zauna a Salem, sannan ya tare a sabuwar. Wannan shaida ce ta mutumin da ya san shi ido da ido. Ga kuma wasiyyar Thomas masaƙi, wanda ya rasu a 1675, ta ambaci Samuel a matsayin ɗan'uwansa. Irin wannan nake so ka nema wa kakan matarka: takardar da mutumin zamaninsa ya rubuta, wadda ta ambaci ɓangarorin teku biyu a wuri ɗaya. Takan zo a siffar wasiyyar wani uba ko gwauruwa a Ingila da ta ce na bar wa ɗana wane da ke Sabuwar Ingila kuɗi kaza idan ya dawo ya nema. Takan zo a siffar takardar wakilci, inda mazaunin Massachusetts ya wakilta wani ya karɓar masa gado a wani ƙauye na Ingila. Wani lokaci kuma shaida ce a kotu, inda dattijo ya ce na san wane tun muna yara a gari kaza.

Idan ba ka sami irin wannan kai tsaye ba, ka bi maƙwabta. Mutanen nan ba su yi ƙaura ɗaiɗai ba, gari guda ne ke tashi da limaminsa da dangi da surukai. 'Yan Furitan ne akasarinsu, masu ganin cewa cocin Ingila bai rabu da al'adun Katolika yadda ya kamata ba, kuma a Norfolk sun sha matsi a hannun Bishop Matthew Wren na Norwich. Limamin cocin tsohuwar Hingham, Robert Peck, ya bar garin a 1638 a jirgin Diligent tare da jama'a masu yawa daga cikin mabiyansa, suka tarar da waɗanda suka riga su, waɗanda tun 1635 suka sa wa sabon mazauninsu sunan garinsu na asali. Don haka ka duba su waye aka ba filaye kusa da kakan matarka, su waye suka sa hannu a wasiyyarsa, 'ya'yan wa 'ya'yansa suka aura. Idan uku daga cikinsu an san ƙauyensu a Ingila, to rajistar wannan ƙauye da na kewayensa za ka fara buɗewa. Sunan gari shi kaɗai ba hujja ba ne, domin ba duk mazaunin Boston ta Amurka ne ya fito daga Boston ta Ingila ba, amma alama ce da ba a rainawa.

Sai ka san ƙauyen sannan takardun Ingila za su yi maka amfani, saboda kafin 1 ga Yuli 1837 babu rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a Ingila, kowane coci ne ke riƙe da littafinsa. Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, shi ya ba da umarni a 1538 cewa kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A ƙarshen mulkin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya aka ce a kwafe tsofaffin littattafan a kan fata, a kuma riƙa aika wa bishop kwafi duk shekara, sai dai masu kwafin da yawa daga 1558 suka fara, shekarar da ta hau gadon sarauta. Wasu littattafan ruwa ya ci, wasu ɓera, wasu gobara, kuma daga yaƙin basasar da ya fara a 1642 zuwa dawowar sarauta a 1660 akwai giɓi a wurare da dama. Inda littafin coci ya ɓace, kwafin bishop yakan cece ka. Yawancinsu yanzu suna ofisoshin adana takardu na gundumomi, na Norfolk yana Norwich, kuma an ɗauki hotunan da yawa an sa a shafukan intanet na FamilySearch da Ancestry da Findmypast, yayin da FreeREG ke ba da abin da masu sa kai suka kwafa kyauta. Ka tuna cewa ranar baftisma ake rubutawa, ba ranar haihuwa ba.

A rajistar cocin St Andrew na tsohuwar Hingham ta Ingila an rubuta baftismar Samuel ɗan Edward Lincoln a ranar 24 ga Agusta 1622. A nan ne ya kamata mai bincike ya tsaya ya yi lissafi. Wanda aka yi wa baftisma yana jariri a Agustan 1622 bai cika shekara 15 ba a Afrilun 1637, amma takardar tashar jirgi ta ce 18. Da ya rasu a ranar 26 ga Mayu 1690 an ce shekarunsa 71, wanda shi ma ya kai mu 1619. Shekara 3 ke nan tsakani. Masu bincike sun yi ta tattauna wannan saɓani, wasu suka ce an ƙara masa shekaru ne don a bar shi ya fita, wasu suka ce an jinkirta baftismar. Abin da ya sa akasari suka karɓi cewa shi ne, ba rajistar kaɗai ba ce, haɗuwarta ce da shaidar Cushing da kuma 'yan'uwantakarsa da Thomas. Na kawo maka wannan ne don ka ga cewa ko a gidan shugaban ƙasa, wanda ƙwararru suka yi fiye da shekara 100 suna tonawa, akwai wurin da takardu ba su daidaita ba, kuma mai gaskiya yakan rubuta saɓanin a fili. Duk salsalar da ka gani sumul, babu ko tabo daga 1630 har zuwa sarakuna, ka yi mata kallon tsanaki.

Wasiyya ta fi rajistar coci daraja a wurina, domin rajista tana ba ka suna ɗaya da uba ɗaya, wasiyya kuwa tana jera iyali gaba ɗaya. Dalili shi ne a dokar Ingila mutum yana da iko mai faɗi ya raba dukiyarsa yadda ya ga dama, saɓanin shari'ar Musulunci da ta ƙayyade rabon kowane magaji ta kuma tsayar da wasiyya a sulusi. Saboda haka mai wasiyya sai ya ambaci kowa da sunansa da abin da ya bar masa. Kafin 1858 kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya, babbar cikinsu ita ce ta Canterbury, wadda takardunta ke Kew ƙarƙashin lambar PROB 11, kuma a nan ake yawan samun wasiyyar masu dukiya a wurare da dama ko waɗanda suka mutu a ƙetare. Na talakawa da matsakaita suna ƙananan kotuna, a gundumomi. Rigimar gado ma taska ce. Kakan Samuel, Richard Lincoln na ƙauyen Swanton Morley, wanda ya rasu a 1620, ya yi aure sau 4, ya karkatar da dukiyarsa ga matarsa ta ƙarshe da 'ya'yanta, ya bar babban ɗansa Edward a gefe. Maganar ta kai kotu a Landan, kuma takardun ƙarar, waɗanda J. Henry Lea da J. R. Hutchinson suka fito da su a 1909, su ne suka buɗe sunayen magabatan gidan. Edward ya ƙare rayuwarsa a Hingham ba da wani abin hannu ba, 'ya'yansa suka kama sana'ar saƙa, suka ƙetare teku. Ka ga a nan takarda ta ba mu suna, ta kuma nuna mana halin da gidan yake ciki lokacin da 'ya'yansa suka tashi.

Akwai tarkon kwanan wata da ke kama kusan kowane sabon shiga. Kafin 1752, sabuwar shekara a Ingila da yankunan da take mulka tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka abin da aka rubuta Fabrairu 1639 a lissafinmu Fabrairu 1640 ne, shi ya sa masu bincike ke rubuta 1639/40. Idan ka ga an yi aure a Afrilu 1630 an haifi ɗa a Fabrairu 1630, ba kuskure ba ne kuma ba abin kunya ba ne, wata 10 ne tsakani. A 1752 aka kuma tsallake kwana 11, aka kwana 2 ga Satumba aka tashi 14. George Washington an haife shi 11 ga Fabrairu 1731 a tsohon lissafi, wanda ya zama 22 ga Fabrairu 1732 a sabo. Rubutun hannun zamanin ma sai an koya, kuma wasu takardun da Latin aka rubuta su har zuwa 1733.

Game da gidan sarauta da tambari, shawarata ita ce ka ajiye su gefe har sai sun kawo hujjarsu. A Ingila ba a ba sunan gida tambari, mutum ɗaya ake ba, 'ya'yansa maza su gada, kuma hukumar da ke kula da wannan tana Landan tun 1484. Masu suna ɗaya dubu za su iya kasancewa babu mai haƙƙin tambarin sai gida guda. A ƙarni na 19 da farkon na 20, attajiran Amurka sun yi ta biyan kuɗi a nemo musu asali mai daraja, aka kuwa sami masu sayar musu da abin da suke so. Horatio Gates Somerby, wanda ya rasu a 1872, da Gustave Anjou, wanda ya rasu a 1942, sun shahara da ƙirƙirar salsala, kuma abin da suka ƙaga ya shiga littattafai, daga littattafai ya shiga intanet, inda mutum dubu suka kwafa daga juna. Yawan masu maimaita magana ba ya mai da ita hujja idan duk daga bakin mutum ɗaya suka ji. Akwai 'yan ƙaura ƙalilan da aka tabbatar sun fito daga manyan gidaje, amma galibin waɗanda suka tafi masaƙa ne da manoma da kafintoci da maƙera da barorinsu, kuma ban ga abin da ya rage wa Lincoln daraja ba don kakansa yaron masaƙi ne.

Mai yiwuwa bincike ya nuna maka cewa kakan bai zo a lokacin da ake faɗa ba, ko ba Massachusetts ya sauka ba. Idan Virginia ce ko Maryland, mafi yawan waɗanda suka je can a ƙarni na 17 bayin yarjejeniya ne, masu yin aiki shekara 4 zuwa 7 a madadin kuɗin jirgi, kuma birnin Bristol ya ajiye rajistar kimanin 10,000 daga cikinsu tsakanin 1654 da 1686. Daga 1718 zuwa yaƙin neman 'yancin Amurka an kuma tura fursunoni wajen 50,000, waɗanda ake samun shari'o'in wasunsu a kundin kotun Old Bailey ta Landan da ke intanet kyauta. Idan kuwa a ƙarni na 19 ya zo, aikinka ya yi sauƙi sosai, domin akwai rajistar gwamnati daga 1837, akwai ƙidayar 1841 da ta fara kawo sunaye, da ta 1851 da ta ƙara da garin da aka haifi kowa.

Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA yana taimakawa, amma ka san wanda za ka yi. Irin wanda aka fi tallatawa, mai nuna dangi ta kowane ɓangare, ƙarfinsa yana raguwa bayan kakanni 5 ko 6, mutumin 1630 kuwa yana wajen kakanni 11 ko 12 daga matarka. Wanda ya dace shi ne na ƙwayar Y, wadda ɗa namiji ke gada daga mahaifinsa, don haka ba matarka za a gwada ba, sai mahaifinta ko ɗan'uwanta namiji ko baffanta, in dai ta wajen uba kakan yake. Idan sakamakon ya dace da na wani mai sunan gidan wanda iyayensa ba su taɓa barin wannan yanki na Ingila ba, ka sami ƙarfin gwiwa cewa tushe ɗaya ne. Gwajin ba zai faɗa maka sunan uban ba, wannan aikin takarda ne. Kuma ka nemi yardar surukanka kafin a yi, ka sanar da su cewa wani lokaci yakan tono abin da iyali ba su sani ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ka duba aikin Robert Charles Anderson, wanda tun 1988 ya jagoranci wani shiri a ƙungiyar binciken salsala ta Sabuwar Ingila da ke Boston, wadda aka kafa a 1845, don tantance duk wanda ya zo tsakanin 1620 da 1640. An bi kowane magidanci, an rubuta abin da takardu suka tabbatar game da garinsa da jirginsa da matarsa da 'ya'yansa, an kuma nuna inda magabata suka yi kuskure. Manyan ɗakunan karatu na Amurka suna da littattafan. Idan sunan kakan yana ciki da garinsa, an rage maka aikin shekaru, abin da ya rage shi ne ka tabbatar da mahaɗan da ke tsakaninsa da matarka. Idan ka tarar an rubuta cewa ba a san asalinsa ba, kamar yadda aka rubuta wa da yawa daga cikinsu, alhali jerin intanet ya kai shi fadar sarki, to ka yarda da na Anderson.

Lokacin da za ka rubuta wa yaran, ka sa wa kowane suna takardar da ta shaide shi da inda take, ka raba abin da aka tabbatar da abin da ake kyautata zato da abin da aka ji daga bakin kakarsu, kowanne da alamarsa. Idan Allah ya sa ka gano ƙauyen, ka rubuta wa ofishin adana takardu na gundumar ka nemi hoton shafin rajistar, kuma in hali ya yi ka kai su su ga wurin. A cocin St Andrew na Hingham, inda aka yi wa Samuel baftisma, akwai mutum-mutumin kan Abraham Lincoln a jikin bango, wanda jakadan Amurka John W. Davis ya buɗe a 1919, shekara 282 bayan yaron masaƙin ya bi maigidansa zuwa tashar jirgi.